Ranar da na kaɗa ƙararrawa a kan shirun Ardo

Jiya samarin unguwarmu suka zo mini aron zaure da ƙararrawa, wai sun kafa ƙungiya za su fara zama. Na tambayi wanda suka zaɓa shugaba ko ya san nauyin da ya ɗauka. Ya yi murmushi ya ce, "Baba Alhaji, ai zama ne kawai a gaba, ka ba wannan magana ka hana wancan." Zauren na ba su nan take. Ƙararrawar kuwa na ce ya dawo gobe, don akwai abin da nake so ya karanta kafin ya taɓa ta.

Ni fata ce sana'ata, kuma ban gaje ta ba. Mahaifina manomi ne a wani ƙauye kusa da Kurfi. Da ƙafa na fara, ina bin mahauta ina tattara fatun awaki, in ɗora a ka in kawo Dutsin-Ma. Daga baya na sayi keke, daga baya kuma na kafa rumfar shanya ƙirgi, wato ɗanyar fatar shanu, a bayan kara, kasuwar shanu. Wannan sana'a ita ta ciyar da ni ta kai ni Makka. Amma akwai wata da na riƙe shekara goma sha huɗu ba ko kwabo, kuma ita ce ta fi sa ni zufa: shugabancin kwamitin ƙungiyar masu harkar kara, inda dillalan shanu da fatake da mahauta da masu fata da Fulani makiyaya na Dutsin-Ma da Kurfi suka haɗu.

Ba don na fi kowa aka zaɓe ni ba. Manyan sun kasa yarda ɗayansu ya hau kan ɗaya, ni kuwa ba ni da saniya ko guda a kara, ba na auren ɗiyar kowa cikinsu, sannan na yi ajin yaƙi da jahilci ina iya karanta boko. Shekarun nan ne da ake shirin mulkin kai, siyasa ta yi zafi, mutum biyar in suka zauna a zaure sai an tambayi abin da suke ƙullawa. Saboda haka kowane zama sai mun nemi takardar izini, kuma duk abin da aka faɗa sai an rubuta, don ran da za a tambaye mu.

Wanda ya koya mini aikin shi ne sakatarenmu, Malam Dahiru. Tsohon magatakardan kotu ne da ya ajiye aiki saboda idonsa ɗaya ya yi yana. Ba ya cikin masu ƙuri'a, alƙalami ne kawai nasa. Ranar da aka zaɓe ni ya kira ni gidansa ya shimfiɗa kayan aikin a kan buzu: ƙararrawar tagulla irin ta makarantar elementare, littafin minti mai baƙin bango inda ake rubuta abin da aka yi a zama, da takardar dokokinmu, shafi huɗu, wadda kowane ɗan kwamiti ya sa wa hannu, wani da boko, wani da ajami, wani da ɗan yatsa. Ya ce in ɗauki ƙararrawar in ji nauyinta. Na ɗauka na ce ba ta da nauyi. Ya ce to in bari tukuna.

Wata uku ina zuwa wurinsa bayan la'asar. Ya ce ba a kiran zama sai da sanarwar kwana bakwai, kuma a sanarwar sai an jera abin da za a tattauna, wato ajanda, don kada a kira mutum maganar rijiya ya zo ya tarar ana maganar wuyansa. Mu goma sha ɗaya ne, in bakwai ba su zauna ba, abin da ake yi hira ce. Mai batu ya kawo batunsa, in ba wanda ya mara masa baya batun ya mutu a nan, ba a binne shi da gardama. Shugaba bakinsa ne na ƙarshe, ba ya jefa ƙuri'a sai an yi kunnen doki. In wani ya kawo ƙarar wani, a saurari kowa, sannan duk su biyun su fita kafin a yanke. Abin da ya fi nanata mini kuwa shi ne duk abin da aka yanke yau bai tabbata ba sai an karanta mintinsa a zama na gaba, mutane sun ce haka aka yi, shugaba ya sa hannu. A lokacin na ɗauki wannan ɓata lokaci ne irin na 'yan kotu.

Zaman farko da na jagoranta a kan gyaran shingen kara ne. Wani tsohon dillali ya karɓi magana ya faro ta daga zamanin kakansa, har aka kira magariba bai iso kan shingen ba. Na ji kunyar katse dattijo, muka tashi ba mu yanke komai ba. A hanya Malam Dahiru ya ce mini ba a katse babba da ƙararrawa, ana katse shi da godiya: da ya ja numfashi ka ce madalla Baba, sakatare ya rubuta, ka kira sunan na gaba. Haka na riƙa koyon aikin ɗaya bayan ɗaya, har da inda kowa zai zauna. Shekara uku muna tafiya lafiya, na fara jin na iya.

Sai shekarar bushiya ta zo. Wanda bai ga ciwon nan ba ba zai gane ba. Saniya za ta kwana lafiya, gari ya waye idonta na hawaye, bakinta na dalala, ta ƙi kiwo, zawo ya biyo baya, kafin mako ta faɗi. Farkon bazara ne, ruwa ya janye, garke ya matsu da garke a bakin rijiyoyi, ciwon ya bi su kamar wutar daji. Malaman dabbobi suka rufe kara, suka hana fita da dabba ko fata, aka riƙa haƙa ramuka ana binnewa. Na ga Bafillatani ya zauna a gindin kalgo da igiya a hannu, babu abin da zai ɗaure da ita.

A irin wannan lokaci mutane ba magani suke fara nema ba, wanda ya jawo suke nema. Ni ma ban tsira daga kallo ba. An fara cewa mai fata shi ne mai murna in shanu suna mutuwa, alhali ko ƙirgi ɗaya ba a bari na taɓa ba.

Na kira zama a kan batu ɗaya: mu rubuta wa hukuma a kawo allura, a kuma gaya mana sharaɗin buɗe kara. Da na iso zauren bayan azahar sai na tarar da samarin makiyaya sun cika gindin durumin da ke ƙofa. Ba mai magana cikinsu, kowa da sandarsa a kan gwiwa. Na yi sallama, amsar da aka ba ni ba ta kai ta mutum uku ba.

Babba a kwamitinmu shi ne Alhaji Barau. Falke ne mai kai shanu kudu, kuma gidansa ne masaukin fataken da ke zuwa daga arewa. Rabin 'yan kwamitin a inuwarsa suke samun abinci. Akwai kuma Ardo Jaɓɓi, shugaban makiyayan gefen Kurfi, wanda garkensa ya fi na kowa shan kashi a shekarar, kuma shi ke auren ɗiyar Alhaji Barau. Shekara uku ina ganinsa kullum can bakin ƙofa yake zama, ya ɗan juya kafaɗa, ba ya haɗa tabarma da Alhaji, ba ya kiran sunansa sai dai Baffa. Na gani, ban taɓa tsayawa na yi tunani a kai ba.

Muna gama batun allura sai Alhaji Barau ya gyara murya. Ya ce kowa ya san bijimai uku da suka fara faɗuwa a kara, kuma kowa ya san dillalin da ya sayar da su, Malam Iro na Rawayau. Ya ce shawararsa a kori Iro daga ƙungiya, a hana shi shiga kara har abada, a kuma rubuta wa hukuma cewa shi ya shigo da ciwon. Wani mahauci ya ce ya mara baya tun Alhaji bai rufe baki ba. Iro ba ɗan kwamiti ba ne, ɗan ƙungiya ne kawai, yana can Rawayau bai san ana yi ba.

Malam Dahiru ya yi tari, ya ɗora bakin alƙalaminsa a kan takardar ajanda yana ƙwanƙwasawa a hankali. Na gani sarai, na kuma gane abin da yake nufi. Amma ta tagar zauren ina hango kan sanduna, na kuma san in muka fito ba mu ba su suna ba, su za su zaɓi nasu, kuma nawa yana kusa. Na ce, "Akwai mai ja?" Aka yi tsit. Na dubi Ardo, na ga ya sunkuyar da kai yana zanen ƙasa da tsinke. Na ce a raina, in wanda ya fi kowa asara bai ja ba, ni wane ne. Na kaɗa ƙararrawa. Kafin mu gama saka takalma maganar ta riga mu fita.

Kwana biyu bayan haka aka tare Iro a hanyar Rawayau, da rana tsaka, yana dawowa daga gona. Ba a san su wane ne ba, ko kuma an sani ba a faɗa ba. Sun karya masa hannun dama wuri biyu, da ba don wasu mata masu itace sun yi kururuwa ba da sai dai gawarsa. Ana kuma cewa sun yi alkawarin dawowa ran da takardar ƙungiya ta fita.

Takardar ba ta fita ba, don Malam Dahiru ya ƙi rubuta ta. Kowace safiya sai Alhaji Barau ya aiko a tambaya, amsar Malam ɗaya ce: ba a karanta minti ba, ciyaman bai sa hannu ba. Sai aka juyo kaina. Rana ta huɗu na je rumfata na tarar an yanyanke igiyoyin shanya, an kuma ajiye mushen maraƙi a daidai inda nake shimfiɗa buzu. Na sa aka binne shi, na wuce gidan Malam na ce masa ya kawo littafin in sa hannu mu huta. Ya ɗaga lafiyayyen idonsa ya dube ni ya ce, "Ciyaman, ba a sa hannu a minti a soron gida. A gaban mutane ake sawa. In ka sa yau, gobe Iro za a binne, kuma hannunka ne a takardar, ba na Alhaji ba."

Ranar kasuwar Kurfi na hau keke na tafi, ba don ciniki ba, don ba abin da ake sayarwa a layinmu. Na sami Ardo can gefen masu nono shi kaɗai. Muka daɗe muna gaisuwa, muka yi jajen dabbobi, na yi ta kewaye-kewaye kafin in ce na yi mamaki bai ce komai ba ranar zama. Ya dube ni kamar wanda ya ji abin dariya amma ba shi da ƙarfin yi. Ya ce, "Ciyaman, shekara uku muna zama. Ka taɓa jin muryata in Baffa yana zaune?"

Na yi ta lalube a kaina, ban tuna ko sau ɗaya ba. Duk ran da Ardo ya yi magana a kwamiti, Alhaji ya yi tafiya kudu ne.

Sannan ya gaya mini, yana kallon wani wajen. Bijiman nan uku daga garken da masu kora na Alhaji suka shigo da shi daga arewa suke, sun bi ta bayan gari ba su tsaya wurin malaman duba ba. Da idonsa ya gan su a bakin rijiya suna hawaye, kwana biyu kafin kasuwa. Iro igiya kawai aka miƙa masa, aka ce ya sayar kada ya faɗi mai su. Kuma a dillanci in mai dabba ya ce a ɓoye sunansa, dillalin da ya faɗa ya gama sana'a, ba wanda zai sake ba shi igiya. Na tambayi Ardo ko zai maimaita wannan a kwamiti. Ya ce in Baffa yana zaune, ko wuƙa aka ɗora masa a wuya ba zai buɗe baki ba. In kuwa ba ya nan, aka kira sunansa aka tambaye shi, ba zai yi ƙarya ba.

A hanyar komawa na yi ta juya zaman nan a raina. Na tambayi mutum goma ko akwai mai ja, alhali ɗaya suruki ne, huɗu a gidan mai batun suke ci, sauran kuma suna kallon taga kamar yadda nake kallo. Wannan shirun na karɓa na kira shi amincewa.

Muka zauna da Malam Dahiru muka rubuta sabuwar sanarwa, batun Iro a ciki baƙi da fari. A takardar neman izini na roƙi a ba mu 'yan doka biyu su tsaya ƙofa. Ta Iro da kaina na kai Rawayau. Na same shi kwance a rumfar ƙofar gidansa, an yi masa ɗori da kara, hannun ya kumbura har yatsu. Bai zage ni ba. Ya ce in karanta masa, na karanta, sannan ya ce, "Wancan zaman ma akwai irin wannan takarda, Ciyaman, ko ta ɓata a hanya ne?" Na ce babu, kuma ni ne ban aika ba. Ya ce zai zo a kan jaki, in an kashe shi a hanya a rubuta a littafin cewa ya amsa kira.

Ranar zama mutanen gindin durumi sun ninka na farko. 'Yan dokan biyu sun tsaya, amma ni da su duk mun san biyu ne kawai. Na shigar da Iro ta ƙofar baya tun da hantsi. Bayan addu'a Malam Dahiru ya miƙe ya karanta minti, kalma bayan kalma, har da sunan mai batu da mai mara baya da cewa ba wanda ya ja. Na tambaya ko haka aka yi. Aka ce haka aka yi. Malam ya miƙo mini littafin da alƙalami.

Na ajiye alƙalamin a kan tabarma. Na ce haka aka yi, amma ba haka dokarmu ta ce a yi ba. Batun ba ya cikin ajanda, ba a kira wanda ake ƙara ba, mai ƙara kuma yana zaune aka yanke. Na ce laifin ukun duk na shugaba ne, don ni ke riƙe da ƙararrawa. Saboda haka sakatare ya rubuta a ƙarƙashi cewa wancan hukunci bai tabbata ba, yau za a saurare shi daga farko.

Alhaji Barau ya yi dariya kaɗan ya ce, "Yaushe mai warin ƙirgi ya zama alƙali? Da ƙafa na san ka, Mamman, da fata a ka."

Na ce, "Haka ne, ranka ya daɗe, kuma har gobe ina girmama ka. Ba ni na rubuta dokar ba." Na buɗe shafi na huɗu na miƙa masa. Sa hannunsa ne na farko a jerin, da ajami, manyan baƙaƙe. Ya daɗe yana kallo, sannan ya mayar mini.

Aka shigo da Iro. Alhaji ya maimaita ƙararsa. Iro ya ce shi ya sayar da bijiman, bai ga ciwo a jikinsu ba sai bayan an kai su, kuma ba nasa ba ne. Aka ce na wa ne. Ya ce an ba shi amana, ba zai faɗa ba. Yana faɗin haka bai ko kalli gefen da Alhaji yake ba. Mahaucin nan ya ce kun ji, ba shi da abin cewa.

Nan na zo wurin da na fi tsoro. Na ce an ji kowa, yanzu mai ƙara da wanda ake ƙara su ba mu wuri. Ba wanda ya taɓa cewa Alhaji Barau ya tashi daga zaure a garin nan. Ya tambaya ko shi nake nufi. Na ce duk su biyun, Iro a soron ciki, shi kuma an shimfiɗa masa darduma a ɗakin baƙi. Da a ce ya ƙi tashi, da ba ni da abin da zan yi, ƙararrawa ba ta ɗaga mutum. Amma ƙin tashi yana nufin akwai abin da yake tsoron a faɗa, shi ma ya san haka. Ya tattara babbar rigarsa ya fita.

Ban sake tambayar ko akwai mai ja ba. Na bi su ɗaya bayan ɗaya da suna, na faro daga mafi ƙanƙanta, don kada yaro ya ji bakin babba ya bi. Wasu suka ce ba su sani ba, wasu suka ce abin da aka ce shi suka ji. Da na zo kan Ardo na ce, "Ardo Jaɓɓi, me ka sani game da bijiman nan?" Ya faɗi abin da ya gaya mini a Kurfi, bai ƙara ba bai rage ba, idonsa a ƙasa, kuma ko sau ɗaya bai kira sunan surukinsa ba. Ya ce masu korar gidan Baffa.

Ban yarda a ɗaga hannu ba, don hannu ana ganinsa, kuma da yamma za a kai rahoton wanda ya ɗaga. Na sa aka kawo ƙwarya aka rufe da faifai, aka ba kowa ƙwayar gyaɗa ɗaya da tsakuwa ɗaya. Gyaɗa Iro ya zauna, tsakuwa a kore shi. Kowa ya zura hannu ƙarƙashin faifan ya saki ɗaya. Mutum tara suka jefa. Malam Dahiru ya juye a kan littafinsa, gyaɗa bakwai, tsakuwa biyu.

Na ɗauka an gama, ashe ba a fara ba. Mahaucin da ya mara wa Alhaji baya a wancan zaman shi ne ya yi zumbur ya ce to yanzu a kori Alhaji Barau, a rubuta sunansa a takardar. Mutum uku suka ce sun mara baya a tare. Murya ta tashi, na ga inuwar mutane ta rufe taga, na ji ana tambaya a waje, wane ne, wa suka ce. Ɗakin baƙin da Alhaji yake ƙofarsa waje take kallo, taku goma daga gindin durumi.

Ban taɓa kaɗa ƙararrawa kamar ranar ba. Na yi ta kaɗawa har sai da kowa ya rufe baki don kunnensa. Na ce batun Alhaji ba ya cikin ajanda. Mai son kawo shi ya ba sakatare, a ba Alhaji kwana bakwai, a kira shi a saurare shi. Mahaucin ya ce ai duk mun ji da kunnenmu. Na ce wancan zaman ma duk mun ji, ga hannun Iro nan a soro ya je ya duba. Na sa aka yi addu'a na rufe zama.

Ni na fara fita. Na tsaya a bakin ƙofa na ce kwamiti ya wanke Malam Iro, duk wanda ya sake taɓa shi ya taɓa marar laifi, kuma takardar allura ta tafi. Wani dogo mai sanda ya matso har ina jin numfashinsa ya ce to wane ne. Na ce zama bai yanke ba, abin da zama bai yanke ba kuma ba ya fita daga bakina. Ban san abin da zai biyo baya ba. Sai na ga idanunsu sun bar kaina. Alhaji Barau ne ya fito ya kama hanyar gida, Ardo na biye da shi taku goma a baya, ya gicciya sandarsa a kafaɗa ya rataya hannuwa a kai, kamar yadda yake bin garke. Yawancin samarin nasa ne. Suka buɗe hanya. Har ƙofar gida ya raka shi.

Bayan kwana bakwai aka saurari Alhaji yadda doka ta ce. Ya amsa cewa masu korarsa sun kauce wa duba, aka dakatar da shi daga kara har kaka. Daga ranar bai sake barin fatar gidansa ta zo rumfata ba, kuma shekara huɗu in na gaishe shi sai ya duba wani wajen. Na samu wasu masu fatar.

Hannun Iro ya ɗoru, amma a karkace, ba ya ɗaguwa sama da kafaɗa. Daga baya aka zaɓe shi cikin kwamiti. Duk ran da aka yi ƙuri'ar ɗaga hannu a kan ƙananan batutuwa, hagu yake ɗagawa. Baƙon da bai sani ba sai ya ɗauka rashin ladabi ne. Ni kuwa shekara tara ina ƙirga hannuwan dama, in zo kan wannan na hagun in ƙirga shi, na san kuma wanda ya mayar da shi haka. Iro bai taɓa tayar mini da maganar ba har ya rasu.

Gobe in yaron nan ya dawo zan ba shi ƙararrawar, da kwafin shafi huɗun. Amma sai ya zauna tukuna ya jera mini 'yan kwamitinsa da suna, ya gaya mini wa ke ci a gidan wa, wa kuma ke auren ɗiyar wa.